Sanarwar Rasuwar Ƙwaƙwalwar Fanfon Garkarmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, da hannuwa biyu da suka rasa abin kamawa, ni Hashimu Gambo na Matameye, a madadin yayana Alhaji Illa da sauran mutanen gidanmu, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gari, da na Kance da Tsauni da Kurni, da waɗanda ke ci-rani a Kano da Kaduna, rasuwar ƙwaƙwalwar akwatin fanfonmu mai aiki da hasken rana. Ta cika ranar Larabar da ta wuce, da rana tsaka, a garkarmu ta bakin korama, bayan jinyar da ba ta taɓa ɓoye mana ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mafi yawanku ba ku san ta ba, don ba mai fita ba ce. Wata 'yar baƙar aba ce mai kusurwa huɗu, ba ta wuce farcen babban yatsa ba, ƙafafunta sirara reras kamar na shanshani. A manne take jikin wani koren kati, cikin akwatin da ke karɓar wuta daga panno, faifan da ke shan hasken rana, yana tura wa fanfo can ƙasan foraj, wato rijiyar burtsatse. Masu sana'ar suna kiran irinta De-Es-Pe. Mu a gida 'Yar Baƙa muke ce mata. In kun ji ina bayaninta kamar wani masani, kada ku ruɗu. Shekaru na yi ina ci-rani a Kano, a shagon wani mai sayar da kayan wuta, ina ɗora kwali ina sauke kwali. A nan na tsinci ilmin da ya ishe ni in san abin da na rasa, amma bai ishe ni in gyara shi ba.

Marigayiya ba ita kaɗai take zaune a ɗakinta ba. Marwan, wanda ya girka mana ita, ya gaya mini cewa a da ma'aikatan irin wannan akwati kowa da gidansa a kan kati, ana haɗa su da waya. Ita kuwa da nata aka haife ta, duk a cikin cikinta, ɗaki ɗaya, ba ƙofa ba taga. A lokacin na ce masha Allah, wannan ai zumunci ne.

Babba a cikinsu shi ne mai awo. Shi ke auna ƙarfin wutar panno, da abin da fanfo ke ja, da zafin akwati, ya mayar da su lamba ya miƙa mata, sau dubbai kafin ka ƙifta ido. Bai taɓa tauye mudu ba. Sai mai yanka wuta. Panno miƙaƙƙiyar wuta yake bayarwa, fanfo kuwa mai kaiwa da komowa yake ci, to shi wannan bawan Allah ƙofofi shida yake buɗewa yana rufewa har wutar ta zama irin wadda fanfo ke so. Abin da ya fi ba ni mamaki da shi, bai taɓa buɗe ƙofar sama da ta ƙasa a tare ba, don ya san in ya yi haka gobara ce. Kullum sai ya bar ɗan numfashi tsakaninsu, wannan ta rufe sannan waccan ta buɗe. Mu a gidanmu ko wajen magana ba mu iya wannan ba. Akwai mai riƙe lokaci. Akwai ɗan bakin da ta cikinsa take magana da allon da ke gaban akwati. Har kare gare ta, wanda in ta daɗe ba ta shafa kansa ba, sai ya gane ta ƙame, ya tashe ta ta sake farawa. Na sha cewa da an ba ni irin wannan kare tun ina saurayi, da yanzu ba nan nake ba.

Ba ta da yawan magana. Da hantsi, in rana ta taɓa panno, sai ka ji "tit". Gaisuwarta ke nan. Sai wani siririn "tsiiii" ya biyo baya, sai tiyo ya yi tari sau biyu, sai ruwa. In girgije ya gifta ba ta fushi, rage tafiya take yi ta jira shi ya wuce. Ba ta taɓa neman esans ba, fetur ke nan, ba ta taɓa cewa yau ranar kasuwa ce ba.

Saboda amanarta muka yi abubuwa biyu. Na farko, muka cike tsohuwar rijiyar garka da ƙasa, don Alhaji ya ce rijiyar da ba a ja tarko ce ga awaki. Na biyu, na aika wa maigidana na Kano cewa ya ba wani wurina, na bar ci-rani, na zama mutumin gida. Na dasa rake a mafi yawan garkar, na bar gefe ɗaya na tattasai. Abincin gidana na bana gaba ɗaya yana tsaye a wannan fili.

Game da ciwon ajalinta, ga yadda aka yi. Labari ya zo cewa an sace akwati irin namu a wata garka ta wajen Tsauni. Washegari Alhaji ya zo da kansa, aka shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin mangwaro, ya daɗe yana kallon akwatin a rataye jikin ƙarfe, iska na shiga tana fita.

Ya ce, "Hashimu, abin da ake tsoron a ɗauke, ina ake sa shi?"

Na ce, "Rumbu, Yaya."

Ya ce, "To."

Na ce, "Sai dai fa, Yaya, Marwan ya ce iska take so."

Ya ce, "Gero ma iska yake so. Ka taɓa jin ya mutu a rumbu?"

Gemuna ya yi fari, ina da suruki, amma a gaban Alhaji ban taɓa kai magana ta uku ba. Aka kira Lawwali magini. Ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya tayar da ɗan rumbu kewaye da akwatin, mai ciki da wuya da murfi, ya shafe shi sumul, ya bar 'yar kafa ta waya kawai. Gaskiya gini ya yi kyau. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Alhaji yana tsaye yana buga shi da sanda yana cewa, "Ɓarawon da zai ɗauki wannan sai ya zo da gatari."

Da zafin bazara ya kama, sai ta fara kuka. Rana na kaiwa tsaka sai ruwa ya ɗauke, ka ji daga cikin rumbun, can ƙasa-ƙasa kamar mai magana cikin tulu, "tit-tit-tit, tit-tit-tit". Mai awo ya gaya mata zafi ya yi yawa, ta tsayar da aiki don ta tsira da ranta. Sai la'asar ta farfaɗo. Uwargidana Najaha ta ji ta wata rana da ta kawo mini fura. Ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Malam, wannan aba ai roƙonku take yi. Ko kaza aka rufe haka sai ta mutu. Ku fasa mata taga mana."

Na ce, "Ginin Yaya ne."

Ta ce, "To Yayan ne zai shayar da raken?"

Na ce ta rage murya.

Ku da kuka san gidanmu kun san fasa wannan rumbu ba fasa ƙasa ba ne. Gari ya gani, gari ya yaba, har wani ya kwaikwaya. Na kai kuka wurin Alhaji da ladabi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce matsalar ba ta rumbu ba ce, ta mai kai tsegumi ce. Ya ɗauko wani mai gyaran rediyo daga kasuwa. Aka buɗe murfi, mutumin ya zura hannu ya cire ɗan abin da ke jin zafi, ya liƙa wani ɗan ƙanƙane mai zobba masu launi a gurbinsa. Daga ranar, duk lokacin da mai awo ya auna, sanyin safiya yake ji. Ba ƙarya ya yi ba, Allah ya sani, ƙarya aka ba shi ya auna. Ni ne na riƙe murfin.

Ta yi aiki a 'yan kwanakin nan irin wanda ba ta taɓa yi ba. Rana tana dukan rumbu, ita tana tura ruwa, ba "tit" ko ɗaya. Alhaji ya ce, "Ka gani? Da ma raki ne." Ranar Laraba ina tsakiyar rake na ji "tas!" Sau ɗaya. Sai warin ƙonannen roba. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Sai a lokacin aka fasa rumbun. Na naɗe akwatin a zani na ɗora a cinya har Damagaram, wurin wani mai gyaran irin waɗannan na'urori. Ya canza ƙofofin wutar da suka ƙone, su dai a kan kati suke ba a cikinta ba, ya jona, allo ya kawo haske. Har na fara hamdala. Sai ya fitar da ita tsakar rana ya haɗa da panno, allo ya nuna sifili.

Ya ce, "Baba, sai haƙuri. Da ƙofar ta fashe, wutar ta biyo ta baya ta kashe mai awo."

Na ce, "To a canza mai awon."

Ya ce, "A cikinta yake fa. Da me zan shiga?"

Na ce, "To a sa wata sabuwa."

Ya ce, "Sabuwa akwai, amma kanta wayam yake zuwa. Karatun da ke tuƙa fanfonka yana cikin wannan, waɗanda suka ƙera akwatin sun kulle shi da lambar sirri. Ba ya fitowa."

Na nemi Marwan, aka ce ya tafi arewa wurin haƙar zinariya, salularsa ba ta shiga. Mai gyaran ya ce ko ya dawo, shi ma ba a ba shi lambar ba. Ya rage sai sabon akwati sukutum. Sabon akwati kuwa sai rake ya nuna, rake kuma ba zai nuna ba sai da akwati. Tun daga tashar Damagaram har Matameye nake juya wannan magana, ban sami bakinta ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ba duka ta mutu ba. Mai riƙe lokaci yana nan yana ƙirga. Mai yanka wuta yana tsaye bakin ƙofofinsa yana jiran umarni. Karen ma lafiyarsa ƙalau. In aka jona ta sai ta farka, ta tambayi mai awo ko rana ta fito, ya yi shiru, ta koma jira. Suna kulle ɗaki ɗaya da gawa, kuma a wurinsu gari ba zai sake wayewa ba. Don haka muka yanke cewa a sanar.

Ta rasu ta bar panno, kullum suna tara wutar da ba mai sha. Ta bar fanfo, lafiyayye, yana kwance cikin ruwa can ƙasa. Ta bar foraj mai bakin da ko gwangwani ba ya shiga, balle guga. Na kara kunne a bututun, na ji sanyin ruwan a kumatuna. Maƙwabcina Sa'adu ya kawo injinsa na ban-ruwa, ya yi ta gurnani, zurfin ya fi ƙarfinsa. Ta bar rake wanda bai kai ƙirji ba, ganyensa ya fara naɗewa. Ta bar tattasai da fure. Ta kuma bar ni. Kano an ba wani wurina. Ko da ba a bayar ba, in na ɗaga ƙafa daga garkar nan panno za su bi akwatin Tsauni. Ga ni nan zaune ƙarƙashin mangwaro, ina gadin wutar da ba ta da aiki, a kan ruwan da ba ya fitowa.

Game da jana'iza, mun tuntuɓi malamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, mu roƙa wa kanmu. Mun karɓa.

Ana karɓar gaisuwar maza a garka, tunda nan za a same ni ko yaushe aka zo. Kada kowa ya wahalar da kansa da goro. Mai son ya yi mana kara, ya zo da bido, wato jarka, ya biya ta rijiyar Sa'adu ya ciko, Sa'adun ya ba da izini, Allah ya saka masa. A zuba a gindin tattasai, shi kaɗai hannu zai iya riƙewa. Gaisuwar mata tana gida wurin Najaha. Ana roƙon masu zuwa kada su tambaye ta yadda aka yi, don za ta faɗa.

Raken kuwa ba ya jiran bido. Ranar Asabar da hantsi za a sare shi tun yana da ɗanyen ganye, kafin ya zama kara. Mai shanu ko awaki ya zo da adda da amalanke ya ɗiba, ba a sayar ba, sadaka ce. Ni zan nuna layi, amma kada a miƙo mini adda, ni na dasa shi.

Bisa al'adar gidanmu, ba a fara komai sai babba ya sa hannu. Saboda haka Alhaji Illa ne zai yi saran farko, a gaban jama'a. Ban sami bakin gaya masa ba. Duk wanda zai karanta masa wannan sanarwa, don Allah in ya iso nan ya ɗaga murya.