Yadda Na Ba wa Bature Karen Babana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna a gaban dattawa, a wani falo a Malali, na musanta karen babana ba. Neman aure muka je, kuma saura ƙiris in dawo ba mata ba mutunci.

Sunan karen Duna. Baƙin kare ne na gida, irin wanda ba a tambayar asalinsa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Babana malamin firamare ne a Kurmin Mashi, shi ya tsince shi yana kwikwiyo a bakin kwata, ya raine shi da ƙanzo da ragowar tuwo. Kullum Duna sai ya raka shi ƙofar makaranta, in an tashi ya koma tarbarsa. Da Baba ya rasu, karen nan ya yi wata guda yana zuwa ƙofar makarantar da ƙarfe biyu. (Ni da nake ɗansa na cikinsa sau biyu na taɓa zuwa tarbarsa, duka biyun kuma aiko ni aka yi.)

Bayan shekara guda na sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Ingila. Mama za ta koma wurin yayata a gidan haya, mai gidan kuma ya ce ko kyanwa bai yarda ba. Wani maƙwabcinmu ya ce a bar masa Duna, zai riƙe shi amana, tunda sun saba. Amma yana maganar yana latsa haƙarƙarin karen, yana tambaya ko yana cin abinci sosai. Mama ta dube ni, na dube ta. Mu duka mun san sabo da kaza ba ya hana yanka.

Nan na gano fitar da kare ya fi fitar da mutum wuya. Aka yi masa allurar ciwon hauka, aka soka masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, aka ɗebi jininsa aka aika ƙasar waje, muka zauna jiran wata uku. Wato jinin Duna ya riga ni hawa jirgi. Ana gobe za mu tafi Mama ta ciro tsohuwar suwaitar Baba, ruwan ƙasa mai jan layi a ƙirji, ta rage hannayen, ta ɗinke ta daidai jikin kare.

"An ce garin da sanyi," in ji ta. "Kada ka bari ya wulaƙanta, Auta."

A Ingila Duna ya zama mutum. Yana da likita, yana da kati, har wasiƙa ake aiko masa. Abincin gwangwani kuwa ya shinshina sau ɗaya ya kau da kai, don haka na koma tuƙa tuwo, ni da a gida ko ruwan zafi ban dafa ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar jarrabawar ita ce dokar garin: in karenka ya yi kashi a hanya, kai za ka kwashe. Za ka sa hannu a leda, ka durƙusa, ka ɗauka, ka ƙulle. Ranar farko na tsaya ina duban gabas da yamma kamar ɓarawon akuya. Bayan wata shida na ƙware, har ina yi da hannu ɗaya ina amsa waya da ɗayan.

To, akwai Rifkatu. Tun kafin in tafi muke tare, malamar jinya ce, kuma ta san Duna. Da muka tsayar da maganar zuwa gaban iyayenta a hutun Kirsimeti, gargaɗi ɗaya ta yi min.

"Don Allah kada ka tayar da zancen kare. Baba ya ce duk namijin da ke wasa da kare bai da aikin yi."

Na ce wannan ai ba matsala, na bar Duna wurin wani abokin aikina na taho. Abin da ni da ita ba mu sani ba shi ne, Baba Istifanus, mahaifinta, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta. Kuma ko a ina ake neman aure sai an yi bincike. A Kaduna a tambayi maƙwabta da 'yan ikilisiya. Ni da nake bayan teku na ɗauka na tsira. Ashe Rifkatu tana da Kawu Dogara, wanda ya shekara ashirin a Ingila, a wani gari kusa da namu, kuma an ba shi adireshina.

Ranar muka isa Malali da baffannina biyu da Mama da goggona, da akwatunan lemo. Na sha farar shadda, na zauna a ƙasa kan kafet ina sunkuyar da kai kamar ban taɓa yin laifi ba. Aka yi addu'a. Baffana ya gabatar da ni, ya ce yaron nan likitan jini ne a Turai. (Ba likita ba ne ni, amma ban ga dalilin katse babba ba.)

Sai wani mutum mai hular sanyi da ke zaune kusa da talabijin ya yi gyaran murya.

"Kafin a ci gaba, akwai ɗan abin da na gani da idona. Ba na son a ce Dogara ya ƙara gishiri."

Ya ciro wayarsa, amma bai miƙa ta hannu zuwa hannu ba. Haɗa ta ya yi da talabijin, irin babbar nan da ta cinye rabin bango.

Ga ni nan a filin shaƙatawa, safiyar Asabar, cikin kwat. Ga baƙin kare da riga ya tsuguna. Ga ni na tsaya a kansa ina jira cikin ladabi. Da ya gama na durƙusa, na sa hannu a leda na kwashe tas. Sannan na ɗaga ledar sama ina dubawa da kyau, don a makon likita ya ce in riƙa lura da cikinsa. Sai muryata ta fito raɗau: "Yawwa, yaron kirki! Haka nake so." Kwandon shara yana da nisa, saboda haka mutumin da ke cikin talabijin ya ƙulle ledar ya jefa a aljihun kwat.

Goggona ta ajiye lemon da ke hannunta. Baba Istifanus ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wannan kai ne?"

"Ya yi kama da ni, Baba."

"Karen wa ne?"

Ga gaskiya a bakina, gajeriya, kalma biyu. Amma na tuna gargaɗin Rifkatu, na hango ta a bayan labule, na ga aure yana tattara kayansa. Sai na ji bakina ya ce:

"Na wani Bature ne, Baba. Maƙwabcina."

Kawu Dogara ya tafa hannu. "Kun ji ko? Ni dai na faɗa muku. Akwai yaranmu da yawa da ke wannan sana'ar a can. A fita wa Bature da kare, a kwashe masa kashi, a dawo gida a ce likita ne."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da, ni mai wasa da kare ne kawai. Yanzu na zama yaron kare, kuma maƙaryaci. Baffana da ya ce likitan jini ya shiga duban silin.

"A ɗan mayar da shi baya."

Mama ce. Aka mayar. Ta tashi da gwiwarta mai ciwo, ta je dab da talabijin, ta sa yatsa a kan jan layin da ke ƙirjin karen.

"Wannan suwaitar Malam ce. Ni na rage hannayen." Ta ɗan yi murmushi. "Duna, ka yi ƙiba."

Sannan ta juyo, idonta ya cika da ƙwalla.

"Auta, yaushe ka ba wa Bature shi?"

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Bidiyon nan ko a jikina. Kunyar ita ce tsohuwar nan ta yarda da maganata, don ba ta taɓa zaton zan yi ƙarya a kan abin da ya shafi babana ba. Na buɗe baki na faɗi komai: ƙofar makaranta, maƙwabci mai latsa haƙarƙari, jinin da ya riga ni hawa jirgi, har tuwon. Na ce babu wani Bature, Duna nawa ne, tsoro ne ya sa.

Baba Istifanus ya dube ni.

"Ni ba na son kare," in ji shi, "kuma ba zan fara yau ba. Amma yaron da ke cikin talabijin, wanda ya durƙusa cikin sanyi saboda amanar ubansa, zan iya ba shi 'yata. Wanda ke kan kafet ɗina kuwa, ƙaramin tsoro ya sa ya ce bai san nasa ba. Gobe in abu ya yi zafi, ita ma zai ce ta Bature ce. To wanne ne ya zo neman auren?"

"Na talabijin, Baba."

"To na kafet ya tashi ya tafi. Na talabijin ya dawo ranar Asabar, ya zo da takardar aikinsa."

Na dawo ranar Asabar da takarda, ya karanta ta har ƙasa, aka ba ni. Da aka tashi kowa ya ba ni hannu, ban da Kawu Dogara, wanda ya dubi aljihuna ya ɗaga min hannu daga nesa.

Darasin da na koya bai da tsawo: abin da hannunka ya riga ya kwashe, kada bakinka ya musanta, musamman in dangin matar suna da babbar talabijin. Yanzu ni da Rifkatu da Duna muna zaune lafiya, ni ne dai har yau mai riƙe leda.

Mama kuwa ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Sai dai shekara uku ke nan, duk ranar Lahadi in na kira ta, sai ta sa an kawo Duna gaban waya sun gaisa. Ta tambayi Rifkatu, ta tambayi sanyi. In za ta ajiye sai ta ce:

"To Auta, a gaida Baturen."