Rasuwar Dattijo, Firjin Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, nake sanar da mazauna gidan nan, na bene da na ƙasa, da masu shagunan waje, rasuwar firjinmu da muke kira Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsaye, a kusurwar falon da ya yi rayuwarsa.

Marigayiya mahaifiyata ce ta saye shi tun ina firamare. Ba kyakkyawa ba ne. Farinsa ya koma ruwan ƙwai, ƙofarsa sai an danna ta da gwiwa take rufuwa, a kansa kuma akwai tabon dutsen guga da Yaya ya taɓa ɗorawa, ya ce ba shi ba ne. Amma abin da ka ba shi ajiya, haka za ka same shi. Maganarsa biyu ce duk duniya: "ƙyas" idan zai fara aiki, sai "mmmm" idan ya kama. Da wannan gurnanin na yi karatun jarrabawa har na gama jami'a. Tun da ciwon suga ya kama Baba, babban aikin Dattijo shi ne riƙon kwalaben allurarsa, waɗanda likita ya ce kada zafi ya taɓa su. Bai taɓa gazawa ba.

Ciwon ajalinsa daga zaure ya taso, cikin akwatin wuta. Bara birekarmu ta ƙone, wato makunnin nan da ke faɗuwa da kansa idan wuta ta yi wa waya yawa. Mai gyaran wuta ya zo da wadda ta rage masa daga wani aiki, mai ƙafa uku, alhali ƙafa ɗaya ɗakunanmu ke buƙata. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma ina riƙe masa tocila, sai na daure na tambaye shi ko ƙa'idar aiki ta yarda da haka.

"Ba ta hana ba, ƙanwata," ya ce. "Ƙafar da ba a jona wa komai ba, ba ruwanta da kowa. Amma duba nan, hannunsu ɗaya ne. In ɗaya ta faɗi, duka sun faɗi. Kada a bari wani ya raɓa wayarsa a nan."

Mai Gida, wanda muke haya a gidansa, yana tsaye yana sakace. Ya ji. Har kai ya gyaɗa.

Sai dai Mai Gida mutum ne da ba ya iya ganin wuri a fili ya wuce. Ƙarƙashin bene ma ya sa masa ƙofa ya ba da haya. Da mai walda ya kama shagon gaba, sai ya buɗe akwatin, ya ga ƙafafu biyu suna zaman banza, abin ya tsaya masa a rai. Ya kira ƙanen matarsa, wanda duk iliminsa na wuta shi ne ya taɓa gyara fanka, ya jona wayar shagon a ƙafa ta biyu.

Daga ranar Dattijo ya fara jinya. Injin walda zai yi "ziiii", bireka ta faɗi, falonmu ya mutu. Mai walda zai shigo zaure da baƙin tabarau a goshi, ya ɗaga hannun birekar nan take, ya koma kan aikinsa yana fito. Firji kuwa yana son a bar shi ya huta kaɗan kafin a mai da masa wuta. Sai ka ji Dattijo: "ƙyas". Shiru. "Ƙyas". Jikinsa ya ɗauki rawa kamar tsohon da ke son tashi daga tabarma ba mai kama shi. In na zare fulogi, allurar Baba ta ɗumama. In na bari, ina ji ana kashe shi.

Na yi magana, don kada gobe a ce ban yi ba. Mai walda ya ce, "Ke da kika yi jami'a, ba ki san wuta ɗauke-ɗauke take ba?" Mai Gida ya ce, "'Yata, mai ƙafa uku ce fa. Ukun ado aka yi mata?" Da na sake komawa, sai ya ce in turo babba, shi maganar maza yake so. Baba kuwa yana tsoron abin da zai sa a ce mu tashi. "Ki yi haƙuri, uwata," shi ne abin da ya ce.

Ranar Talata ana haɗa wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe a shago, ni ina wurin aiki. Baba ne ya ji "ƙyas" na ƙarshe, wanda "mmmm" bai biyo bayansa ba. Na dawo da yamma na tarar da ruwa ya kwanta ƙarƙashin Dattijo, Baba yana zaune yana kallonsa da kwalaben a hannu, bai kira kowa ba. Mai gyaran firji ya taɓa bayansa, ya shinshina, ya ce injin ya ƙone.

Marigayin ya bar Baba, da Yaya, da ni. Ya bar kwalaben allura, waɗanda yanzu ke zaman maraici a firjin Anti Nas ta bene. Allah ya saka mata, amma in ta fita aiki ƙofarta a kulle take, jiya ma aiki ya riƙe ta a asibiti, Baba bai samu allurar safe ba sai azahar. Ya bar fanka da talabijin, su ma suna kan gadon jinya. Ya kuma bar ƙafa ta uku, har yanzu a fili. Na ga yadda Mai Gida ke kallonta, na kuma ga mai injin niƙa ya zo duba ɗayan shagon.

Yaya ya samo wani firjin. Na ce ya bar shi can tukuna. Ba zan kawo wani a yanka mini shi ina kallo ba.

Game da jana'iza: 'yan gwangwan su huta, ba na sayarwa ba ne. Ranar Asabar da safe Yaya da abokansa za su ɗauki gawar zuwa zaure, su tsayar da ita a gaban akwatin wuta, bayanta manne da murfin, cikinta cike da bulo. Idan bireka ta faɗi, ta faɗi ke nan. Mu ba sauran abin da zai lalace mana, kuma muna da tocila. Za a ɗaga gawar ranar da mai gyaran wuta ya zo ya zare wayar shago daga tamu, ya sa wa mai walda tasa birekar.

Zan zauna a kujera gefen marigayin don karɓar gaisuwa. Ana roƙon masu zuwa kada su ce mini "sai haƙuri", na riga na yi, ga shi nan a tsaye. Mai Gida kuma, tun da maganar maza yake so, ya zo ya yi ta da Dattijo.