Harafin da Gara Ta Cinye

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani, da ranar da na dafa wa kakata alewar lemun tsami a Kurfi.

Tun rasuwar kakanmu Malam, Allah ya jiƙansa, Iya ta rage ita kaɗai a gidan. 'Ya'ya sun watse, jikoki sai gaisuwar waya. Ni da nake Dutsin-Ma, nan kusa, sai da na yi wata bakwai ban leƙa ta ba (kada ka tambaye ni dalili, ba ni da shi). Maƙwabciyarta, Hajiya Abu, ita ta aiko mini cewa tsohuwa ta daina cin abinci, loma biyu sai ta ture kwano.

Na same ta kwance kan tabarma, ta rame. A da, in ta gan ni, sai tsiya irin ta kaka da jika. Ran nan "sannu" kawai ta ce, ta mai da fuska bango. Gidan tsit, ko kaza babu.

Bayan azahar na shiga ɗakin Malam ina duba takardunsa. Ni dai ina taƙama da ajami, don a gabansa na koya. Sai na ci karo da wata 'yar takarda da rubutun hannunsa: ruwan lemun tsami, mazarƙwaila, kanwa kaɗan, dusar gero, a dafa har ya yi kauri. A sama ya sa wa haɗin suna, amma gara ta cinye harafin farko, abin da ya rage "na ...aki". Da yake Malam ba ya bambanta k da ƙ a ajaminsa, nan take na cike gurbin da kaina: na zaƙi. Na ce lallai wannan ce alewar da yake yi wa Iya suna da ƙuruciya, in ta ɗanɗana bakinta zai buɗe. (Dusar ta ɗan tsaya mini a rai, sai na ce ai mutanen da ba su san ɓarna ba.)

Na je kasuwa na haɗo komai, na durƙusa gaban murhu da gemuna. Da kanwa ta haɗu da lemun tsami sai tukunya ta taso da kumfa, na ce albarka ce. Na mulmula, na jera a faranti. Har Hajiya Abu na kira don ta shaida.

Iya ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Ina ka samo wannan?"

"Rubutun Malam ne, Iya. Na zaƙi."

Ta miƙa wa maƙwabciyarta. "Abu, ɗanɗana ki ji."

Hajiya Abu ta kai baki, ta tofar, ta yi salati. "Na jaki dai! Malam jikan Malam, wannan shi marigayi ke dafa wa jakinsa in yana tari!"

Na rasa inda zan sa fuskata. Iya kuwa kafaɗunta suka fara rawa, ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari. "Wata bakwai ina jiran mijin nawa," in ji ta, "da ya zo sai ya haɗa ni kwano ɗaya da jaki."

Da dariyar ta lafa sai ta share ido da gefen zane.

"Hannunsa ne da gaske? Karanta mini."

Na karanta mata, layi huɗu kacal. Ta ce in sake. Sau uku na maimaita maganin tarin jaki, tana gyaɗa kai. "Haka yake magana, a taƙaice," ta ce. Daga nan ta sa Hajiya Abu ta kawo ragowar tuwonta. Ina zaune gefenta ta ci fiye da rabi.

Tun ranar, in na tarar da gurbi a takarda ba na cike shi da son raina. In akwai mai rai da ya san amsa, sai in je in zauna in tambaye shi. Iya dai har yau, in na yi sallama ranar Juma'a, sai ta ɗaga murya ta katanga: "Abu, ɓoye dusarki, ga mai dafuwa ya iso."