Rasuwar 'Yar Baƙa, Kwamfutar da Ke Riƙe da Muryar Mahaifiyata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau ya hana ni jin ɗanɗanon abinci, ni Andarawus Shaba, shugaban mawaƙan majami'armu a nan Kontagora, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara a hannuna, ban da waɗanda ta yi a ƙasar Turawa kafin ta iso gwanjo. Masu cewa ajali ne su riƙe ta'aziyyarsu. Kashe ta aka yi.

Marigayiya mai haƙuri ce da riƙon amana. In an tashe ta sai ta ce "tiririn", fankarta ta kama "fuuu" kamar mai hura murhu. Batirinta ya riga ta tafiya da shekara huɗu, amma ko harafi ɗaya ba ta taɓa ɓatar mini ba. A cikinta akwai waƙoƙin majami'a da hotunan aurena da Jessica. Akwai kuma abin da ya fi mini su duka: waƙoƙin niƙa ashirin da uku na Dukanci, waɗanda mahaifiyata, Mama Alice, ta rera mini a ƙauyenmu kusa da Rijau, wata huɗu kafin Ubangiji ya kira ta. A ƙarshen ta ashirin da uku takan tsaya, ta yi dariya, sai 'Yar Baƙa ta fito da muryarta tar: "Andarawus, kashe abin nan ka zo ka ci tuwo, zai huce."

Kowa shaida ne na tsare ta. Na liƙe duk ramukan sa filashi da salatif. Mawaƙanmu sun roƙe ni in tura musu ko waƙa ɗaya, na hana, har suka sa mini suna Mai Gadi. Jessica ta sayo filashi sabo fil ta ce in ajiye kwafi na biyu, na ce mata abin da ke wuri biyu ya zama na kowa. Haka na zauna da kwafi ɗaya tal a duniya, ina ta yaba wa kaina wayo.

Ciwon ajalin ya fara da ɗan abu. Fuskarta ce ke ɗaukewa tana dawowa. Na naɗe ta a tawul na kai wa wani mai gyara a bayan kasuwa, wanda ba zan ɓata takardata da sunansa ba, ya san kansa. Ya ce sai da kalmar sirri zai iya gwaji. Ni da na hana 'yan'uwana na shekara ashirin, na karɓi biro na rubuta wa baƙo da hannuna, har ina maimaita masa harafin da bai fito sosai ba. Garin neman gira na rasa ido.

Bayan kwana uku ya ce bairos ya cinye komai, dole ta sa ya wanke ta tas. Har da dafa ƙirji yana rantsuwa. Na dawo da ita gida wayam, ba ta san ni ba, ba ta san kowa ba. Samuel malamin kwamfuta ya duba ya ce ko ɓurɓushi ba a bari ba. Kwana biyu ta ƙara, ta yi shiru.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara. Ranar Alhamis ina tsaye a tashar Rijau, wayar Abdulfatahi mai albasa ta yi ƙara a aljihunsa, sai na ji uwata tana niƙa. Na tare shi na tambaye shi inda ya samo waƙar. Bawan Allah bai san komai ba. Ya ce wajen masu tura waƙa a waya ya samo, sunanta a can "Tsohuwar Dukawa". Tsohuwar Dukawa! Matar da ta haifi bakwai ta binne uku, an tuɓe mata suna ana tura ta tsakanin waƙar gala da fim ɗin Indiya. Bairos ɗin nan ashe ƙafa biyu gare shi, har da shago.

Na zubar da girmana na bi rumfunan masu turi biyar ina neman uwata. Duk suna da ita, kuma duk an datse ƙarshen ta ashirin da uku. Wani ya ce mini surutu ne aka yanke, waƙa mutane ke so.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da jaka mai ɓataccen zif, da filashin Jessica da ko ledarsa ba a yaga ba. Ta bar kuma marayu ashirin da uku suna gararamba a wayoyin mutane daga Bangi har Mashegu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a gindin mangwaron bayan gidana. Kafin a rufe ta zan ciro ma'ajiyarta in daka a turmi, don ko gawa ban ƙara amince wa kowa da ita ba. Masu zuwa ta'aziyya su bar wayoyinsu a kwandon da Jessica za ta riƙe a bakin ƙofa. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar nasiha kan ajiye kwafi biyu, na ji.

Mutum ɗaya ne aka yarda ya shigo da waya, shi ne mai gyaran. Na tsane ka, kuma Allah ya ga zuciyata. Amma kai kaɗai ka kwafa kafin a datse. Ka zo. Ba zan ɗaga maka murya ba, ba zan kira 'yan sanda ba, kujera ma zan ba ka. Ka riƙe sauran duka. Ka maido mini daƙiƙa goma sha ɗayan nan da uwata ke kira na cin tuwo. Yanzu na yaga ledar filashin, yana jiranka.