Guɗar da Na Rangaɗa a Wurin Gasar Ces

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zan manta da wannan ranar. Amma bari in fara da abin da ya riga ta cin raina. Ɗana na fari (Abba muke ce masa, sunan baban maigidana ne) ba ya magana. Ba wai bebe ba ne, a'a, shiru ne da shi irin na dattawa. Yaran benenmu a unguwar International City ta Dubai suna ta guje-guje, shi yana tsugune gaban wani allo mai gida-gida baƙi da fari, ya dafe kai, ya murtuke fuska kamar an yi masa mutuwa. Ni kuma aji huɗu na tsaya a firamare, kullum tsorona kada yaron nan ya gano uwarsa ba ta fahimtar duniyarsa, ya rufe mini ƙofa.

Har tofi na fara yi masa. Babansa ya yi dariya ya buɗe mini bidiyo a waya.

"Kin ga wannan? Shi yake kwaikwayo."

Wani saurayi ne ɗan Norway, gashi a hargitse, ya kwanto kan kujera kamar mai ciwon baya. Wai tun yana ɗan shekara sha uku, a nan Dubai ɗin, ya kai matsayin manyan gwanayen wannan darar Turawa da ake kira ces. Ya yi ta hawa har ya karɓe kambin duniya, kuma a shekarar 2014 ya dawo Dubai ya sake lashe gasa. Na dubi zamansa, na dubi na Abba. Wallahi har yadda yake taɓe baki iri ɗaya.

Da aka shirya gasar yara, babansa yana aiki, sai ni. Na ja maƙwabciyata Anti Ramatu, 'yar zangon Kumasi, don kada in ɓata a bas.

Zaure cike da mutane amma ko tari babu. Aka zaunar da Abba da wata 'yar Indiya mai tabarau, ƙafarta ko ƙasa ba ta kai ba. Ni dai dara na sani, wadda kawunaina suke yi a gindin darbejiya: wanda ya fi cin 'ya'ya shi ne da wasa. Sai na kafa ido a gefen allo. Abba ya ci doki. Ya ci wani mai kama da turmi. Can sai ga shi ya ɗauke mata doguwar nan, sarauniya, wadda ya taɓa ce mini ta fi kowa ƙarfi. Gefensa ya taru kamar kasuwa, nata 'yan ƙwarori.

"Anti, ya gama da ita," na raɗa.

"Maman Abba, shwaiya dai, bi a hankali," in ji ta.

Yarinyar ta tura wani abu a hankali. Abba ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa mata hannu. Na ce a raina, ka ga ɗan halak, har lallashinta yake yi! Ban san sanda na miƙe ba. Na toshe hanci na rangaɗa guɗa, irin ta kai amarya, mai hawa uku.

Jama'a! Wani yaro ya firgita ya zubar da allonsa. Larabawa, Indiyawa, Turawa, kowa ya juyo. Alƙalin wasa ya taho da sassarfa yana "Khalas, madam, khalas!", wato ya isa haka. Anti Ramatu ta finciko mayafina: "Zauna, an ci ɗanka ne!" (Mutanen zango ba ruwansu da mace ko namiji a magana.) Ashe yarinyar da gangan ta ba shi sarauniyar, ta ritsa sarkinsa a lungu. Miƙa hannun nan sallamawa ce.

Na hango Abba ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar su kama da wuta.

A bas Abba ya juya fuska ga taga. Anti sai danne dariya take, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, ba zai sake yarda in bi shi ko'ina ba. Sai da muka wuce unguwar Warsan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Umma, ba a ƙirga 'ya'ya. Sarki ake nema."

"To, Abbana. Ka yi haƙuri."

"Shi ma ɗan Norway an sha cinye shi yana yaro." Ya saci kallona. "Amma babarsa ba ta yi masa wannan ihun ba."

Anti ta fashe, shi ma ya kasa riƙewa. Ya jingino da kafaɗata ya ce ran Asabar akwai wata, in zo, amma in zauna a baya, kuma ba guɗa sai ya ɗaga mini hannu tukuna.

Yanzu na san murna ma sai an tambayi wanda ya ci. Har yau ban iya karanta allon nan ba. Don Allah, in kun san wasan, kuka ga wata a kujerar ƙarshe ta cusa bakin mayafi a baki tana leƙe, ku matso ku raɗa mini halin da ɗana yake ciki.