Gwajin Tuƙin Alhaji Nadabo

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ta bakin tasha ya san Alhaji Nadabo, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Tsohon direban tirela ne, ya kai shekara talatin yana zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, kuma ba a gama shan shayi da shi bai tuna maka cewa ko kaza bai taɓa takawa ba. To, bana babban ɗansa Sagiru ya karɓe makullin 'yar motar da yake yawo da ita cikin gari, bayan da ya gogi dakalin maƙwabcinsa. Alhaji ya rantse dakalin aka ƙara wa tsawo ba a sanar da shi ba. Sagiru dai bai saurara ba. Wallahi abin ya ci wa tsohon nan rai, har rama ya yi, don a ganinsa ranar da aka raba shi da sitiyari ranar aka fara shirin jana'izarsa.

Ana haka ya ji labarin wasu magidanta da ke taruwa a wani filin ƙwallo ranar Asabar, suna tsere da ƙananan motocin nan da ake tuƙawa da rimot. Ba irin na batir da ake saya wa yara da Sallah ba, waɗannan mai suke sha, suna da inji da salansa, har hayaƙi suke yi. Nan take dabara ta faɗo masa. Ya sa Sagiru ya yi alkawari cewa idan ya gwada tuƙa irin wannan mota a gaban shaida, aka ga hannunsa da idonsa suna nan daram, za a mayar masa da makullinsa. Sagiru ya ce ya yarda, amma shi zai zaɓi shaidar. Sai ya zaɓi Barau makaniki, ɗan gwaggon Alhaji, wato taubashinsa, mutumin da tun suna yara bai taɓa ganin Alhaji ya yi tuntuɓe ya fasa dariya ba.

Ranar Asabar Alhaji da Barau suka isa filin, suka sami Haladu, mai sayar da motocin, ya shimfiɗa buhu ya ɗora guda biyu. Ɗaya babba ce ja, ƙirar akori-kura, tsawonta ya kusa kai na turmi in an kwantar da shi. Ɗayar shuɗiya ce, ba ta kai rabinta ba, tayoyinta ɓul-ɓul.

Haladu ya ce, "Alhaji, ita wannan babbar fetur ɗin gidan mai take sha, sai dai a gauraya mata da ɗan baƙin mai. Igiya ake ja kamar janareto. Tana da nauyi, ba ta da garaje. Ita kuwa shuɗiyar, manta daban ne, a kwalba ake kawo shi. Gudu ne da ita kamar an aiko ta."

Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya tsuguna. Ya latsa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi yana neman yoyo, ya shinshina salansa, ya kara kunne a jikin inji kamar mai jin gulma. Sannan ya tambayi Haladu ko wani ya taɓa jan su, kuma in an ja, direban mai hankali ne?

Barau ya ce, "Ka tambaye shi ko da gadon kwana a bayan kujera, don na san kai ba ka tuƙi sai ka yi barci."

Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a tayar da babbar. Aka ja igiya ta ɗauka, ya karɓi rimot, ya yi bisimilla, ya danna totur. Mota ta miƙe tana tafiya a natse har tsakiyar fili. Gaskiya hannun yana nan, don ko karkata ba ta yi ba. Mutane suka fara taruwa, Alhaji ya fara jin kansa. Ya tsayar da ita, aka je aka ɗauko, ya ce, "Tana da ladabi, amma wannan ai tafiyar kai amarya ce. Kawo mini mai zafin."

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, da dai ka fara sabawa da babbar. Akwai abu guda da yake rikita kowa. In motar tana tafiya gaba ta ba ka baya, damarka ita ce damarta. Amma in ta juyo tana fuskantarka, komai ya juye. Ka karya dama, sai ka ga ta yi hagunka."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, lokacin da nake gangara tudu da buhunan siminti ba birki, ba a ma ɗaura auren uwarka ba. Ni za ka koya wa dama da hagu?"

Aka tayar da shuɗiyar, ta ƙwala wata ƙara kamar injin markaɗe ya haukace. Alhaji ya danna, ta harba. Kafin ka ce wani abu ta kai ƙarshen fili. Ya sha kwana da ita tsaf, ƙura ta tashi, jama'a suka yi tafi. Shi kansa Barau sai da ya gyaɗa kai. A nan ne da Alhaji ya tsaya, da yanzu makullinsa na aljihu. Amma ina, daɗin tafi ya ɗebe shi, ya taka mata wuta ta nufo su gadan-gadan.

Ka san mutumin da duk rayuwarsa a cikin mota yake zaune, bai taɓa ganin motar da yake tuƙawa ta tunkaro shi ba. Da ya ga ta matso, ya so ya kauce da ita hagu, sai ta yi dama. Ya gyara, ta ƙara ɓaci. Ya matsa gefe, hannunsa ya biyo da ita. Jama'a suka watse. Shi kuwa maimakon ya saki totur, sai ya shiga taka ƙasa da ƙafar dama yana neman birki, yana ihu, "Ba hanya! Ba hanya!"

Ƙafar hagun da ya bari a tsaye ita motar ta samu, daidai ƙwauri. Ji kake ƙum! Alhaji ya zube, hula ta yi nata wuri, takalmi ɗaya ya yi nasa. Yana ƙasa riƙe da ƙwauri, rimot na ɗaya hannun, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Wane makahon direba ne wannan?"

Kowa ya toshe baki yana danne dariya. Da aka duba aka ga ba karaya, sai ƙulu da ya taso kamar ƙwan zabo, Haladu ya matso a hankali ya ce, "Sannu Alhaji. To wacce za a sa maka a kwali?"

Alhaji ya ce, "Babbar. Ita ta san girman manya."

Sannan ya jawo hannun Barau, ya sassauta murya, idonsa har ya kawo ruwa. "Barau, ka dubi zumunci. Ka ga kwanar da na sha, ka ga tafin da aka yi. Idan Sagiru ya tambaye ka, me za ka ce masa?"

Barau ya ɗauko hular ya kaɗe ta, ya ɗora masa a ka.

"Cewa zan yi ya ba ka makullinka yau, kada ma ya kai gobe. Duk faɗin garin nan, kujerar direba ce kaɗai wurin da ka tsira daga tuƙinka."