Randar Tsoho da Waken Zahara'u

"…da gajiya? Ina angonki? Bai gudu ba har yanzu?"

"Lahiya lau, tsohon miji. Tashi ka ba ni ruwa."

Ko zama ba ta yi ba. Zahara'u ke nan, jikata, wadda ke rubuta wannan magana da nake faɗa, kuma na ce kada ta gyara ko ɗaya. An kai ta ɗaki bara, can bayan tasha a nan Madarumfa, gidan da ke da pampo har tsakar gida. Ruwan unguwar tasu kuwa zartsi gare shi: sabulu ba ya kumfa, buta ta yi farin ɓawo a ciki. Ni ko tun ruwan ƙarshe na damina na tari na sama daga indararo, na cika randa na rufe, don shayina kaɗai. Ga shi rani ya yi nisa, saura kaɗan a gindi. Ranar ta faɗo mini da hantsi, bido, wato jarkar ruwa, a hannu, tana waige-waige kamar wadda ta bar akuya a gonar mutane.

Na ce, "Ruwa? Ke da kika ce kin auri mai pampo, kin bar matsiyaci mai guga?"

"Uwar mijina na tahe daga garin Sarkin Yamma, bayan azahar za ta sauka. Yau za ta fara cin girkina. Tun da sahe na ɗora wake, har yanzu in ka jehi kare da shi sai ya yi kuka."

"Sa kanwa."

"Na sa. Ya yi jawur, yana warin sabulu. Na zubar wa tumaki, sun shinshina sun dube ni."

"To laihin ruwa ne ko na hannu? Marigayiya kakarki da ruwan tabki take dafa wake, ya yi laushi kamar ɓargo."

"Shi ya sa haƙoranka suka bi ta. Buɗe randa."

"Wace randa?"

"Wadda ke bayan gadonka, ka lulluɓe ta da tsohuwar rigarka kamar mai jego."

"Wannan ba ruwa ba ne, magani ne. Likita ya ce duk yarinyar da ta sha, gemu zai fito mata."

"Ba sha zan yi ba. In wake ya yi gemu na aske shi."

Ta leƙa waje ta dubi inuwar bango, ta dawo, ta ajiye bido, ta sake ɗauka. Ni kuwa na gyara zama na shiga fifita garwashi.

Na ce, "Je ki tabki mana, ga shi can shimfiɗe."

"Inda shanu ke wanka? In kai wa surukata wake mai ƙarnin kihi?"

"To ki dafa shinkafa."

"Wake ta aiko da shi, na gonarta, ta ce shi take so. Su can rijiyarsu zaƙi gare ta, ba ta san wani zartsi ba. Ba za ta ce ruwa ba ne. Cewa za ta yi gidan Ɗan Baba ba a koya wa yara girki."

"Sunana ya shigo ciki?"

"Wake ɗaya ke ɓata gari. Kai ne garin."

"Ruwan da ya dake ki shi ne ruwa, yarinya. Da kin zauna da ni, da yanzu kina shan na sama. Kika bi ɗan tsurut mai moto saboda ƙarfe na zubo ruwa."

"In zauna da kai in ci mi? Tari da tsohon goro?"

"Ni da na yi kokawa da kada a tabkin nan, na kayar da shi?"

"Bara ka ce tsari ne. Kafin baɗi zai zama dorina."

"Ki tambayi masunta."

"Waɗanda suka gani duk sun mutu, ka huta. Kaka, rana na tahiya."

In ta ce mini Kaka, to magana ta kai wuya. Amma randar nan ita ce shayina har saukar damina. Na taɓa gwada na pampo, ya yi wata yana-yana a sama, na kurɓa na ji kamar na lashi bango.

Na ce, "In na ba ki, ni in sha mi?"

"Kada ka ba ni. Na tahi." Ta juya har bakin zaure, sannan ta tsaya. "Sai dai ka san al'ada. Kwanon fari na babban gida ne. Zan kawo maka tare da ita, ta gaishe ka, ta zauna ta ga ka sa albarka. Loma uku a gaban baƙuwa, da haƙoran nan naka biyu da ko gaisawa ba sa yi."

Na taɓa na sama da harshe. Dama yana girgiɗi.

"Ki ce ina azumi."

"Da kofin shayi a hannu?"

Dariya ta ƙwace mini har na sarƙe. Na ce ta janye rigar, ta karkata randar a hankali kada ta tada laka. Ta juye tas, bido bai ma cika ba. Ta ɗauki butar shayina ta cika mini ita daga bidon.

"Ga sadakinka na mayar, tsoho. Ka sake ni."

"Na sake ki. Amma ji nan: in tsohuwar ta yaba, ki ce da ruwan pampo kika dafa. Kada ta ji ina da randa, baɗi ta aiko amalanke."

Tana gudu da bido a ka take ba ni amsa: "Baɗi randa biyu za ka tara. Ɗaya tawa ce."